Shiga Aji Shida a Ingila: Jawabi ga Iyaye da 'Ya'yansu

  

Abin da ya tara mu a yau shi ne sha'anin 'ya'yanmu mazauna wannan ƙasa ta Ingila, waɗanda suka karɓi sakamakon jarrabawar GCSE a watan Agusta, ga shi kuma a wannan wata na Satumba sun shiga abin da mutanen nan ke kira sikis fom, wato aji shida. Shekara biyu ce, daga shekara 16 zuwa 18 na haihuwa, ana yin ta ko dai a makarantar da yaro yake tun farko, ko a wata kwaleji ta musamman. Dattawanmu da suka yi karatu a Nijeriya a shekarun 1960 da 1970 ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin shi ne suka sani da sunan HSC. Amma mafi yawanmu mun taso ne bayan an kafa hukumar JAMB a 1978, kuma bayan tsarin 6-3-3-4 ya maye gurbin tsohon tsari a shekarun 1980. Abin da muka saba da shi shi ne yaro ya gama sakandare, ya zauna jarrabawa, sa'an nan a dubi makinsa a san inda za a nufa da shi. To, duk uban da ya riƙe wannan lissafi a nan ƙasar, lalle zai farga bayan an riga an rufe ƙofa.

Dalili kuwa shi ne, a nan ana neman jami'a ne kafin a zauna jarrabawa. Ana cika takardar nema ta hannun hukumar UCAS, ɗalibi ya zaɓi gurbi har biyar. Mai neman likitanci, ko likitan haƙori, ko likitan dabbobi, da mai neman Oksfod ko Kambirij, ranar 15 ga Oktoba ta shekararsa ta biyu ake rufe masa. Sauran kuwa a watan Janairu. Ku ƙirga da kanku: daga yau zuwa waccan rana ta Oktoba wata goma sha uku ne da 'yan kwanaki. Jarrabawar A-Level kuma ba za a yi ta ba sai Mayu da Yuni na bayan haka. Da me jami'a za ta auna yaro ke nan? Da sakamakonsa na GCSE, da bayanin da ya rubuta game da kansa, da shaidar malamansa, da kuma makin da malaman suka yi hasashen zai samu. Wannan hasashe kuwa galibi daga jarrabawar ƙarshen shekarar farko ake ɗauko shi. Ashe shekarar da yaranmu ke ɗauka ta hutawa ce bayan wahalar GCSE, ita ce shekarar da ake yanke musu hukunci.

Muna so 'ya'yanmu su saurari wannan da kunnen basira. A ajin baya kuna ɗauke da darussa tara ko goma, malami na tsaye a kanku tun safe har a tashi. Yanzu darussa uku ne ga mafi yawanku, a makarantu da yawa babu kayan makaranta, kuma a jadawalinku akwai sa'o'in da babu malami a cikinsu. Waɗannan sa'o'i ba kyauta aka ba ku ba, bashi ne. An bar muku su ne don ku shiga ɗakin karatu, domin darasi ɗaya na A-Level ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Yaron da ya saba cin jarrabawa da karatun dare ɗaya, a nan ake gane shi. A cikin waɗannan sa'o'in ne kuma salla take, musamman da hunturu, lokacin da azahar da la'asar da magariba ke matsowa kusa da juna. Ku tambayi makaranta wurin salla tun makon farko, cikin ladabi. Makarantu da yawa suna bayarwa in an tambaya.

Sai maganar zaɓen darussa, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Darussa ukun nan su ne ke buɗe ƙofa, su ne kuma ke rufe ta. Mafi yawan makarantun likitanci suna neman kemistiri, da yawa kuma suna haɗawa da bayoloji. Injiniyanci ba ya yiwuwa sai da lissafi, sau da yawa har da fiziks. Ilmin tattalin arziki ma a manyan jami'o'i lissafi suke tambaya. Mun ga wani ɗan'uwa, mutumin kirki, wanda tun ɗansa na goye yake kiransa likita. Yaro ya zaɓi darussan da abokansa suka zaɓa, babu kemistiri a ciki, uba bai tambaya ba, makaranta kuma ta ɗauka an yi shawara a gida. Sai da aka zo cika takarda magana ta fito. Shekara guda cur ta tafi wajen gyara, ban da ɓacin ran da ya shiga tsakanin ɗa da mahaifi, wanda ya fi shekarar tsada. Makarantu da dama suna yarda a canza darasi a makonnin farko kawai. Tun ran gini ran zane. Wanda kuma likitancin yake nufi da gaske, ya sani akwai jarrabawar UCAT da ake yi a hutun bazara tsakanin shekarar farko da ta biyu, kuma ana son a ga ya taɓa aikin sa kai a asibiti ko gidan kula da tsofaffi.

A nan za mu ɗan tsaya mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu iyaye. Mun mai da sana'o'in duniya uku: likita, injiniya, lauya. Yaron da zuciyarsa ke wajen koyarwa, ko gyaran lantarki, ko aikin kwamfuta, sai ya ji kunyar faɗa a gida. Alhali dokar ƙasar nan, tun 2015, abin da ta wajabta shi ne yaro ya ci gaba da karatu ko koyon aiki har ya kai shekara 18. Ba ta ce sai A-Level ba. Akwai BTEC, akwai T-Level da aka fara a 2020, wanda ke haɗa karatun aji da aƙalla kwana 45 a wurin aiki. Akwai kuma koyon sana'a a bakin aiki har zuwa digiri, tsarin da aka fara a 2015, inda ɗalibi ke karɓar albashi kuma ba ya biyan kuɗin jami'a. Gasar shigarsa tana da zafi, don haka kada wani ya ɗauka mafakar raggo ce.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuɗin jami'a ga ɗan ƙasa fam 1,000 ne a shekara lokacin da aka fara karɓa a 1998. Ya koma 3,000 a 2006, ya yi tsalle zuwa 9,000 a 2012, a 2025 ya kai fam 9,535, ban da haya da abinci. Hanyar da mafi yawan ɗalibai ke bi ita ce rancen gwamnati. Ga waɗanda suka fara karatu daga 2023, sharaɗin shi ne a riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura fam 25,000 na samun mutum a shekara, abin da ya rage bayan shekara 40 a yafe. Sai dai ana ɗora wa rancen kuɗin ruwa gwargwadon hauhawar farashi tun daga ranar da aka fara fitar da shi. A 2013 Firayim Minista David Cameron ya yi alkawari a Landan cewa za a samar da wata hanya marar riba, a 2017 aka yi dokar da ta ba da ikon yin haka, amma har zuwa 2025 ba a fara aiki da ita ba. Malamai sun saɓa a kan wannan rance: akwai masu hanawa, akwai masu sassautawa saboda lalura. Ba mu zo yanke fatawa a wannan zama ba. Abin da muke ƙi shi ne abin da muka sha gani, wato gida ya yi shiru shekara biyu, sai takardar karɓa ta zo uba ya ce haram ne, yarinya ta zauna tana kuka, babu tanadi babu wata dabara. In kun san ba za ku ci rancen ba, ku faɗa wa yaro yau, ku fara tari, ku nemi tallafin da jami'o'i ke bayarwa, ku dubi jami'ar da zai iya zuwa daga gida, ku dubi koyon sana'a a bakin aiki. Haka ma in uba ba zai yarda 'yarsa ta kwana a wani gari ba, ta sani kafin ta ɓata gurabenta biyar.

Akwai kuma 'yan'uwa da suka shigo ƙasar nan ba da daɗewa ba da bizar aiki ko ta karatu. Ku lura: kasancewar yaro yana aji shida kyauta ba ya nufin jami'a za ta ɗauke shi a matsayin ɗan ƙasa. Galibi ana neman izinin zama na dindindin da zaman shekara uku kafin fara karatu. Wanda bai cika ba, kuɗin baƙi za a caje shi, wanda ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma babu rance. Ku binciki matsayin takardunku yanzu, domin wani jinkirta shiga da shekara ɗaya ne zai fisshe shi, wani kuwa jami'ar gida Nijeriya ce za ta fi masa.

Abin da muke roƙo kafin mu tashi: kowane gida ya zauna a cikin wannan mako, uba da uwa da yaro, a buɗe shafin jami'ar da ake so a karanta sharuɗɗanta da ido, a gwada da darussan da yaro ya ɗauka. In makaranta ta kira taron iyaye, uba ya je da kansa, kada a bar wa uwa ita kaɗai. Ɗalibanmu da suka riga suka shiga jami'a za su tsaya bayan sallar la'asar, duk mai tambaya ya same su da jadawalinsa a hannu.