Safar Asibiti Bayan Aiki

Jama'a, yau za mu yi magana a kan safar da likita ke ba wanda aka yi wa aiki. Da yawanmu mukan cire ta, mu ce ta matse mu. To, mu saurara.

In mutum ya daɗe a kwance, jini yakan daskare a jijiyar ƙafarsa. Gudan jinin nan yana iya tafiya huhu ya kashe shi. Safar tana matse idon sawu, ta sassauta wajen gwiwa, don jini ya riƙa hawa sama.

Amma sai an auna ƙafa kafin a ba mu, idon sawu da sha-raɓa. Kada mu ari ta wani. In ta yi tsawo, kada mu naɗe bakinta, don zai shaƙe ƙafa kamar igiya. Mu miƙe ta sumul, kada ta tattare. Kullum mu cire ta sau ɗaya, mu wanke ƙafa, mu duba dunduniya, sa'an nan mu mayar.

In yatsu sun yi sanyi, ko sun mutu, ko fata ta saluɓe, mu cire, mu gaya wa malamin asibiti nan take, a sake awo. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti maza.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.