Rediyon Da Ke Faɗin Inda Mai Shi Yake



A shekarar 1984, can Amurka, injiniya Bob Bruninga ya haɗa rediyo da kwamfuta domin bin sawun dawaki a sukuwar mil 100. Wannan ne tushen tsarin APRS, wanda masu rediyo don sha'awa suke amfani da shi. Rediyon mutum yakan aika gajeren saƙo ɗauke da lambar kiransa da inda yake, tashoshin kan tudu su maimaita, har ya bayyana a taswira. Ran da ambaliya ta katse tarho, masu ceto sukan san inda abokan aikinsu suke.

Mu ɗaliban kimiyya, wajibi ne mu koyi wannan tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.