Jawabi Kan Kulle Faifan Kwamfuta Da Rubutun Sirri

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance, inda yara ke cusa wata gaɓa cikin kalmomi don kada na waje ya gane zancensu. Ilmin rubutun sirri ma haka tushensa yake, wato a juya saƙo ta wata ƙa'ida, sai mai mabuɗi kaɗai ke iya mayar da shi.

Yuliyas Kaisar na Rum yakan musanya kowane harafi da na uku a gabansa. A ƙarni na 9, Al-Kindi, wani masani a Bagadaza, ya nuna cewa ana warware irin wannan ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan fitowa. Saboda haka masana suka koma ga lissafi mai zurfi. A 2001 Amurka ta amince da tsarin AES, wanda ba a ɓoye ƙa'idarsa ba, mabuɗin kaɗai ne sirri. Da shi manhajoji irin su BitLocker da FileVault ke kulle faifai dungurungum.

Idan aka sace kwamfutar ma'aikaci a Garki ko Wuse, alhali faifanta ba a kulle yake ba, ɓarawo zai zare shi ya karanta takardun albashi da bayanan mutane. In kuwa a kulle yake, kuma na'urar a kashe, ba abin da zai gani sai shirme. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumarta a Abuja, ta wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a su tsare su, kuma su sanar da hukumar cikin awa 72 idan ɓarna mai haɗari ta auku.

Amma kulli ba ya amfani in mai gida ya bar ƙofa a buɗe. Kwamfutar da aka bari a kunne kan tebur, faifanta a buɗe yake. Kalmar sirri gajeriya, ko sunan ɗa, ko ranar haihuwa, nan da nan ake cankarsu. Gara a haɗa kalmomi da yawa marasa dangantaka. A rubuta mabuɗin ceto a takarda, a adana nesa da na'urar, domin in ya ɓace tare da kalmar sirri, ko gwanin gyara ba zai dawo da komai ba.

Rigakafi ya fi magani. Kowane ma'aikaci ya tambayi jami'in kwamfuta na ofishinsu ko an kulle faifansa.