Hotunan Iyayenmu: A Gyara, Amma Kada A Sauya

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan)

 

Kamar yadda kuka sani, tun a shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo. Kakanninmu sun yi fataucin goro da shanu, sun gina masallatai, an yi naɗin sarauta da bukukuwa. Shaidar da ta rage mana mai yawa tana cikin tsofaffin hotuna da nagatif da ke jibge a akwatuna, ga damshin ƙasar nan ta kudu yana sa musu fumfuna. Shi ya sa yaranmu suka fara ɗaukarsu da na'urar sikana suna zubawa a kwamfuta. Madalla da wannan aiki. Sai dai akwai gyara, domin garin neman gira kada a rasa ido.

To, jama'a, ga yadda abin yake. Nagatif ɗaya na fim mai milimita 35, tsawonsa milimita 36 ne, faɗinsa 24. In aka ɗauke shi da ƙarfin ɗigo 4,000 a kowane inci, za a sami hoto mai ɗigo kusan miliyan 21. Shi kuwa allon kwamfuta irin wanda aka fi amfani da shi, mai 1920 da 1080, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai yake nunawa. Ke nan in ka ga hoton gaba ɗayansa a allo, kwamfuta ta matse shi ne. In kuma ka buɗe shi ɗari bisa ɗari a allo mai inci 24, kamar ka kafa hancinka ne a jikin hoton da ya kai ƙafa 5.

A nan ne yaro yakan tsorata. Sai ya ga tsaki-tsaki kamar rairayi, ya ce hoton ya lalace. A'a, bai lalace ba. Wannan tsakin ƙwayoyin azurfa ne da ke jikin fim baƙi da fari, kuma su ne suka haɗu suka zama hoton. In aka wanke shi a takarda da ɗigo 300 a inci, zai fito kamar inci 19 da 12, kuma mai kallo daga ɗan nesa ba zai damu da tsakin ba. Saboda haka a buɗe ɗari bisa ɗari don neman ƙura da ƙarzuwa kawai, amma hukuncin kyau sai a girman da za a wanke shi.

Na biyu, hasken allo yana ruɗi. In allonka ya cika haske, za ka ga hoto tas, amma a takarda sai ya fito da duhu. A rage hasken, a yi aiki a ɗakin da rana ba ta dukan allo, a kuma wanke guda ɗaya na gwaji kafin a kashe kuɗi a kan ɗari. Mu kuma hotunanmu suna da tasu wahalar: fuska baƙa, rawani da riga farare. In ka ƙara haske barkatai don fuska ta fito, aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar sai ya ɓace. Sai a haskaka fuskar ita kaɗai, a bar rigar.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, manhajojin nan na waya masu ƙirƙirarriyar basira. Su ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cikewa suke yi da kintace. Suna iya ɗaukar tsagar gado ta Bagobiri ko Bakabe a matsayin ƙarzuwa su shafe ta, su gyara hanci, su sake ido. Dattijo ya fito fes, amma ba shi ba ne. Jikansa da bai taɓa ganinsa ba, da wace fuska zai san shi? Ranar da aka tashi gardama kan wa ya halarci wani naɗi, hoton da aka sauya ba ya zama shaida.

Shawarata ga kwamiti ita ce: ɗauka ta farko a adana ta a tsarin TIFF, kada a taɓa ta, ko da guda ɗaya zai ci megabait fiye da 100. A yi gyara a kan kwafi. A ajiye a wuri biyu, domin wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi. Nagatif kuma kada a zubar. A sa shi a busasshen wuri. Sannan kafin a ce an gama gyara, a kai wa dattijon da ya san mai hoton ya duba, ya faɗi suna da shekara a rubuta.

Iyayenmu mata, don Allah a buɗe akwatuna a fito da su tun masu gane fuskokin suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.