Jawabi Kan Ciwon Gazawar Zuciya a Taron Jama'ar Sabo

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya.

Ni ɗan kasuwa ne ba likita ba, amma an umurce ni in ɗan taɓa wani ciwo da ke cin mutanenmu a nan Sabo. Mutum ƙafafunsa su kumbura, in ya hau bene numfashi ya gagara, dare ya yi ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai. Sai ka ji an ce sammu ne, ko sanyi. To jama'a, sau da yawa zuciya ce ta gaji.

Ita zuciya tsoka ce mai matsa jini kamar famfo. Lafiyayya kan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. In ya sauka zuwa kashi 40 cikin 100 ko ƙasa, likitoci sukan ce ta gaza. Jinin ya cushe a baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Babban mai jawo shi a ƙasashenmu shi ne hawan jinin da aka bari ba magani.

Iyaye mata, ku saurara. Akwai irinsa da ke kama mai jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ɗora laifin kan wankan jego da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya sake bincike bai ga haka ba, sai ya fi ganin rama, talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Amma duk da haka kanwa gishiri ce, mai kumburi ta kiyaye ta.

Magani kuwa alhamdu lillahi akwai shi. A 1987 aka tabbatar enalapril na rage mutuwa. A 1999 aka ga spironolactone, ƙwaya mai arha, ta rage ta da kusan kashi 30 cikin 100. A 2019 dapagliflozin, maganin ciwon suga, shi ma ya shigo layi. Sai dai ba a sha a daina don kumburi ya sace, nan ne muke faɗuwa. A rage gishiri da magi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ake talla a tasha, wallahi ƙara riƙe ruwa suke yi. Mai wannan ciwo kuma ya nemi shawarar likita kafin azumi.

Asibitin UCH ga shi nan kusa da mu, ana ɗaukar hoton zuciya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.