An Canza Kwaɗo, Kwamfuta Na Riƙe Da Tsohon Mabuɗi

Jawabin da wakilin masu sayen citta ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata a Kafanchan.



Sakatare ya ce mu zo mu yi bayanin abin da ya same mu a shagonmu na haɗin gwiwa a kakar citta da ta wuce, domin maganar ta yi yawo a gari, kowa da yadda ya ji ta. Wasu sun ce ɓarayin intanet ne suka shiga kwamfutarmu, wasu sun ce yaron shago ne ya cuce mu, har mun ji ana cewa wai hannu aka sa mana. To ko ɗaya babu. Mu ba injiniyoyi ba ne, karatunmu na Islamiyya ne sai ɗan abin da kasuwa ta koya mana. Amma tun da mu abin ya ci, mun zauna an fahimtar da mu, kuma ba ma son wani a cikinku ya sake biyan kuɗin da muka biya.

Iyayenmu da jirgin ƙasa ya kawo garin nan, bayan layukan dogo sun haɗu a Kafanchan a 1927, da wasiƙa da tangaraho suke ciniki. Mu kuma mun tashi ana ba direba takarda ya kai Kano ko Legas. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa har waɗanda ba sa so koyon tura kuɗi ta waya. A wannan shekarar dai cuta ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, kaya ya yi tsada, masu saye suka ƙara tsanani. Yau mai saye a Legas ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardar buhuna nawa ne, nauyin kowane nawa, da lambar mota. Duk waɗannan a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka muke ajiye su, wata tsohuwa da muka saya 'yar gwanjo, ita kuma tana samun intanet ta Wi-Fi daga ɗan akwatin nan mai sim a ciki, wanda yara ke kira rauta.

Asalin abin, data ce ta riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba. Da aka duba sai aka ga wayoyi barkatai a kan akwatin, domin kalmar sirrin da muka sa lambar wayar shago ce, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofa. Sai muka sa yaronmu ya canza ta. Ya canza, wayoyinmu duk suka karɓi sabuwa, kwamfuta kuwa ta ƙi. Ganin haka sai ya shiga wurin da kwamfutar ta adana bayanin Wi-Fi ɗin shago, da nufin ya gyara da hannu. A nan ya ga jerin nau'o'in tsaro, akwai wanda aka rubuta "Personal", akwai "Enterprise". Da yake a allonmu an rubuta "Enterprises" bayan sunan shago, kamar yadda yake a rabin shagunan garin nan, sai ya ce ai mu kamfani ne, wannan shi ne namu. Ya zaɓa, ya ajiye. Tun daga lokacin kwamfuta ta juya wa akwati baya. Sunan Wi-Fi yana nan tana ganinsa, amma ko sau nawa aka danna sai ta ce ba za ta iya haɗuwa ba.

Ranar kuwa mota ta gama lodi tana tsaye, direba yana jiran kuɗin man dizal, kuɗin kuma yana hannun mutumin Legas da ke jiran takarda. Rai ya ɓaci. Muka ce yaro ya lalata mana kwamfuta, wani a cikinmu ma ya ce da gangan ya yi don abokansa da aka yanke wa data. Muka kore shi gida a gaban mutane. Wato da hannunmu muka kori mutum ɗaya tilo da ya san inda takardun suke a ciki.

Muka kai wa wani mai gyara, ya juya ta ya ce abin kama Wi-Fi ɗin cikinta ya ƙone, sai an aiko da wani daga Kaduna. Wani maƙwabci kuma ya ce a cire kalmar sirri gaba ɗaya a huta. Aka cire, kwamfuta dai ba ta shiga ba, amma kafin gari ya waye unguwa ta shanye datar da ta rage. Kwana biyu mota na tsaye muna biyan direba kuɗin jira.

A rana ta uku 'yar ɗaya daga cikinmu, wadda ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ta kawo wa mahaifinta abinci ta tarar da mu jugum-jugum. Ta ce, "Baba, ku ba ni in gani." Abin da ta fara yi shi ne ta kunna Wi-Fi na wayarta ta ba kwamfutar. Nan take ta kama. Ta ce, "Kun ga ba abin da ya ƙone." Da wannan aka tura takardun Legas. Sannan ta mayar wa akwati da kalmar sirrinsa, ta sa kwamfuta ta manta da sunan Wi-Fi ɗin shago, ta sake zaɓarsa kamar yau ta fara ganinsa, ta rubuta sabuwar kalma. Ko shayin da ke gabanmu bai huce ba aka gama.

To jama'a, ga abin da muka fahimta. Ranar da kwamfuta ta fara shiga Wi-Fi, takan rubuta abu uku ta ajiye: sunansa, da irin kwaɗon da aka kulle shi da shi, da mabuɗin, wato kalmar sirri. Kullum ta ga wannan suna, wannan mabuɗin za ta zaro ba tare da ta tambayi kowa ba. In ka canza kwaɗon shago ka bar wa maigadi tsohon mabuɗi, sai ya kwana yana murɗawa, kuma ba laifinsa ba ne. Mu namu ya fi haka muni, domin an gaya wa kwamfuta cewa kwaɗon wani iri ne alhali ba shi ne a ƙofa ba. Wancan "Enterprise" na manyan wurare ne irin bankuna da jami'o'i, inda kowane ma'aikaci yake da sunansa da kalmarsa daban, kuma akwai wata babbar kwamfuta da ke tantance su ɗaya bayan ɗaya. Shago da gida da ofishin ƙungiya, inda kowa ke amfani da kalma ɗaya, "Personal" ne nasu komai girman allon ƙofa.

Su kwaɗunan nan ma suna da tarihi, kuma saninsa zai hana a ruɗe ku. Na farko shi ne WEP, wanda ya zo tare da tsarin farko a 1997, amma a 2001 masana suka nuna cewa ana iya ɓalle shi, yau kuwa aikin 'yan mintoci ne. Aka kawo WPA a 2003 don toshe ɓaraka, sai WPA2 a 2004, wanda shi ne a yawancin akwatunanmu, sai kuma WPA3 a 2018, wanda ya fi su ƙarfi duka. Sai dai tsofaffin kwamfutoci irin waɗanda muke saya 'yan gwanjo, da yawansu ba su san WPA3 ba. In aka sa akwati a kansa shi kaɗai, sabuwar waya za ta shiga, tsohuwar kwamfuta ta tsaya a waje ko da kalmar daidai ce. Maganinsa a zaɓi wanda ya haɗa WPA2 da WPA3 in akwatin yana da shi, in babu a tsaya a WPA2. Kada kowa ya ba ku shawarar komawa WEP ko barin ƙofa a buɗe. Mun gwada barin ƙofar, kun ji yadda ta kaya.

Saboda haka in irin wannan ta same ku, ga yadda za ku bi kafin ku fitar da ko sisi.

Da farko ku gwada kwamfutar da Wi-Fi na wata waya. In ta kama, lafiyarta ƙalau, kada ku yarda a buɗe cikinta. Ku kuma gwada wata wayar a kan akwatin. In ita ta shiga, shi ma akwatin lafiya yake, saɓanin yana cikin abin da kwamfuta ta ajiye.

Na biyu, ku sa ta manta. A Windows 10 da 11, a ɓangaren Wi-Fi na cikin saituna akwai wurin da aka rubuta "Manage known networks", wato jerin waɗanda ta sani. A zaɓi sunan naku a danna "Forget". Wannan ba ya share takardunku ko hotunanku, tsohon mabuɗin kawai yake jefarwa. Da an sake zaɓar sunan, ita da kanta za ta gane irin kwaɗon, ku kalma kaɗai za ku ba ta. Ba a bukatar kowa ya zaɓa mata nau'in tsaro da hannu, nan ne mu muka faɗa rami.

Na uku, a kula da rubutun kalmar. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, ga sifiri da harafin O suna kama da juna. Kalmar ba ta kasa baƙi 8, tana iya kaiwa 63, to a tsawaita ta, kuma kada a sa lambar waya ko sunan shago ko shekarar haihuwa.

Na huɗu, in duk an rikice an rasa abin da aka taɓa, akwai ɗan rami ko maɓalli a jikin akwatin da ake dannewa kamar daƙiƙa 10, ya koma yadda ya fito daga kamfani, da suna da kalmar da ke manne a jikinsa ko a ƙarƙashin batir. Amma wannan shi ne na ƙarshe, domin duk wayar da ke kai sai an sake shigar da ita.

Bayan waɗannan, akwai ɗabi'a biyu da muka ɗaukar wa kanmu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, sannan a taɓa na biyu, kuma kafin a taɓa a ɗauki hoton yadda yake da waya. Sannan ba a gyaran kwaɗo ranar lodi. A bari sai ranar da ba mota a ƙofa. Kalmar sirri kuma yanzu tana cikin littafin ajiya wurin ma'aji, mutum biyu sun santa, kuma mun sa an koya wa biyu daga cikinmu, da furfurarmu, yadda ake fito da takarda a tura.

Saura maganar yaro. Kuskure ya yi, amma mu muka sa shi aikin, ba mu taɓa biya masa ko kwas na mako ɗaya ba, muka ɗora masa amanar dukiyar mutum shida. Kuɗin direba mun mayar da shi a lodi na gaba, amma kalmar "macuci" da muka jefe shi da ita a bakin kasuwa ba ta gogu da sauƙi ba. Mun je gidansu mun ba mahaifinsa haƙuri, ya dawo aiki, kuma a gaban mutane aka zarge shi, shi ya sa muke wanke shi yau a gaban mutane: bai ci amanarmu ba.

Muna roƙon shugaba da kwamiti su duba yiwuwar ware Asabar ɗaya a wata, 'ya'yanmu da ke Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na nan Kafanchan su zo ofishin ƙungiya, duk mai kwamfuta ko akwatin intanet ya kawo a duba masa a kuma nuna masa da hannunsa. Mu masu citta mun ɗauki nauyin data da ruwan sha na wata ukun farko.

 Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da garinmu lafiya.