MAKARANTAR LIKITOCI TA YAMAI TA WUCE SHEKARA 50

Jawabin da mushen lakwal ya yi a taron 'yan uwa na Sae Sabuwa. An buga shi don a karanta wa jama'a a rassan Gidan Rumji, Tibiri, Agye da Gazawa.

 

An ce in yi magana kan makarantar koyon likita ta jami'ar Yamai, wadda aka buɗe cikin 1974, ta cika shekara 50 cikin 2024. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke nan Sae Sabuwa, ina ruwanmu da bikin mutanen Yamai? To, ku ba ni kunnenku kaɗan. Duk wanda ya taɓa ɗora mara lafiya bisa amalanken shanu da tsakar dare ya nufi Maraɗi, wannan magana tasa ce.

Bari mu koma baya. A 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Faransa tana neman soja ido rufe. Ta aiko Blaise Diagne, ɗan Senegal, ya zagaya ƙasashen nan yana ɗibar samari. Cikin alkawuran da aka yi wa baƙar fata don su yarda su ba da 'ya'yansu, har da makarantar likita. Aka buɗe ta a Dakar a wannan shekara, lokotoro Aristide Le Dantec ne shugabanta na farko. Kun ji ke nan, ba kyauta aka ba mu ita ba, da jinin kakanninmu aka biya.

Amma wane irin likita take fitarwa? Yaro ya yi karatu shekara huɗu, ya iya fiɗa, ya iya karɓar haihuwa, ya san magani, sai a ba shi takarda mai sunan mataimaki. Daga baya aka canza suna aka ce "likitan Afirka". Takardar nan ba ta aiki a Faransa, kuma mai ita yana ƙarƙashin likitan Nasara har ya tsufa, ko da Nasaran nan jiya ya fito makaranta. Shi ne mai yawon ƙauyuka bisa doki yana lambar agana, shi ne mai kwana cikin bukkar masu sanƙarau, amma in an zo sa hannu ga rahoto, na wani ake sawa. Ban faɗi wannan don in rena su ba. Wallahi sun yi aiki, kuma yawancin abin da talakan wancan zamani ya sani na asibiti, daga hannunsu ya gan shi. Ɗaya daga cikinsu ma kun san sunansa: Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, wanda ya fito makarantar Dakar a 1925. Shi ne ya kai dokar da ta kashe aikin tilas a majalisar Faransa cikin watan Afrilu na 1946. Mutumin da ya duba jikin leburori da idonsa ya san abin da aikin tilas ke yi wa ɗan Adam.

Da muka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, ƙasar nan ba ta da jami'a ko ɗaya. Duk ɗan Nijar mai son zama cikakken likita sai ya ƙetare, ko Dakar, ko Faransa, ko wata ƙasa mai nisa. A wajen maƙwabtanmu na kudu, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da likita tun 1967. Mu sai 1974, shekarar da fari ya gama da dabbobi, shekarar da soja suka karɓi mulki cikin watan Afrilu. A cikin wannan tsanani aka kafa makarantar, can ƙetaren kogi, a jami'ar da aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Ni dai a ganina, bayan tuta da taken ƙasa, babu wata alamar 'yanci da ta kai wannan: ɗan manomi ya shiga aji a ƙasarsa, ya koyi ciwo a jikin mutanensa a babban asibitin Yamai da na Lamorde, ya fito da takardar da ba ta ƙarƙashin ta kowa.

Koyo a gida yana da wani amfani da ba a cika faɗi ba. Likitan da ya yi karatu a ƙasar sanyi zai iya gamawa bai taɓa ganin yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana sanƙarewa ba, bai ga mai tamowa ba, bai ga mace mai yoyon fitsari ba. Namu tun yana ɗalibi su ne abin da ya fi gani. Kuma in tsohuwa ta ce masa "cikina ke murɗa, sai in ji abu ya taso mini", ba ya neman tafinta.

To me aka samu cikin shekarun nan? Zan kawo muku abin da kowa zai iya gaskatawa. Iyayenmu sun san kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar. A watan Janairu na 2025 hukumar nan ta sake shaida cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Mutuwar yara kuma, a 1998 cikin yara 1000 da aka haifa, 226 ba su kai shekara biyar. A 2009 lissafin ya sauko zuwa 128. Har yanzu da yawa, amma ku tuna kowane ɗaya cikin wannan ragi ɗan wani ne.

Sai sanƙarau, wanda mu mutanen ƙasar Maraɗi ba sai an ba mu labarinsa ba. Da hunturu ya ja baya, zafi da ƙura suka taso, sai a fara jin kuka gida gida. A 1996 ya kama mutum wajen 250,000 a ƙasashen nan namu, ya kashe wajen 25,000. A watan Disamba na 2010 aka fara sabuwar allura a Nijar da Mali da Burkina Faso, wadda aka yi a Indiya takanas don Afirka, a farashin da talaka zai iya. Irin sanƙaran da ya fi kisa a da, wanda likitoci ke kira A, ya kusan ɓacewa. Amma a 2015 wani iri, C, ya taso ya yi ɓarna, Yamai ma ba ta tsira ba. Wannan ya nuna mana dole a sami namu masana zaune a gida, masu duba ruwan ƙashin baya su gane wane iri ne ya zo bana, ba sai an jira baƙi sun sauka daga jirgi ba.

Kada in yi ƙarya don biki. Ba likitocin makarantar Yamai kaɗai suka yi duk wannan ba. Akwai ma'aikatan jinya da ungozomomi, akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka da aka yawaita tun 2001, akwai dokar 2006 da ta ce a duba yaro ƙasa da shekara biyar kyauta, akwai gidan sauro, akwai kuɗin waje. Amma ku tambaya: wa ke riƙe da asibitocin gundumomi, wa ke tsara zagayen allura, wa ke yanke shawarar a yi wa mace fiɗa in haihuwa ta gagara? Da yawansu a wannan makaranta suka zauna.

Yanzu ga inda takalmin ke matsa mana. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi tana da mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400, ta fi kowace jiha cunkoso in an cire birnin Yamai, kuma tun daga nan an ƙaru ƙwarai. Likitoci kuwa sun fi taruwa a babban birni. Wasu sun gama karatu suna zaune ba a ɗauke su aiki ba, wasu sun tafi ƙasashen waje. Ba na zagin yaron da ya ƙi ƙauye. In ka aika shi inda babu wuta, babu jini a ajiye, babu motar ɗaukar mara lafiya, ka aika shi ya kalli mutuwa ne da hannu sake.

Na taɓa rasa uwar wani yaro na ajina. Naƙuda ta kama ta tun la'asar, aka tsaya jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, aka tsaya neman kuɗin mota, ba a tashi ba sai bayan isha'i. Ta cika a hanya. Likitan da zai cece ta yana nan a Maraɗi, ya iya aikinsa, ba su dai gamu ba. Tun ran nan na daina ganin laifin gwamnati ita kaɗai.

Wani abu kuma. Mu ne masu cewa ba mu yarda namiji ya duba matanmu ba, mu ne kuma masu cire yarinya daga lakwal tana aji biyar mu yi mata aure. To likita mace daga sama za ta faɗo? Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye bayan bakaloriya, kuma yana farawa ne daga ajin farko da allo da alli. Yau ba sai an je Yamai ba ma: jami'ar Maraɗi da aka kafa a 2010, mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, tana da sashen koyon likita, ta Damagaram ma haka. Ɗiyar Sae Sabuwa za ta iya karatun nan ta zo gida ta yi salla.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane reshe kafin taro mai zuwa. A rubuto mana yawan 'yan mata da ke ajin ƙarshe na firamare a garinku, da waɗanda aka cire bana da dalilin cirewa. A zauna da mai gari da liman a yi maganar asusun mota, kowane gida ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa bayan kaka, yadda in naƙuda ta yi tsanani ba a tsaya neman bashi ba. Magidanta kuma kowa ya faɗa wa iyalinsa tun yau, a gaban shaidu, cewa in ba ya nan an ba da izinin tafiya asibiti. Wanda ya iya rubutu ya rubuta wa wanda bai iya ba, a ba sakataren reshe ya kawo ranar kasuwa.

Allah ya jiƙan malaman da suka kafa makarantar nan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya.